Fatsar Hunturu a Watari

Lahadi, 8 ga Disamba, 2019

Dam ɗin Watari. Fita bayan sallar asuba, a babur, ta hanyar Bichi. Hazo ya rufe titi, mota sai ta zo daf kake ganin fitilarta. Kafin Bichi yatsu sun ƙage. Tsayuwa wajen mai shayi, kofi tsakanin tafuka biyu har jini ya dawo. Kaya: siraran gwangwala biyu, zare, ƙananan ƙugiyoyi, 'yar darma, da guntun tsohon silifas mai shawagi a kan ruwa don ya nuna in an taɓa. Tana a gwangwanin madara, jiya na tono ta a gindin randa.

Shiru har hantsi ya wuce. Sai gab da azahar karfasa ta fara taɓawa, ƙanana, iya tafin hannu. Gida kafin magariba. Maiɗakina ta ce, "Malam, da wannan ɗarin?" Ta soya wa yara.

Talata, 10 ga Disamba

Kasuwa. Sabon riɗi na shigowa daga Jigawa. Yini guda a gaban sikeli: ɗora, karanta, rubuta, sauke. Tun da aka rufe iyaka a watan Agusta motocin Maraɗi sun yi ƙaranci a layin wake, 'yan dako na zaune suna jiran tsammani. Ƙura a hanci, ƙura a haƙori.

Alhamis, 12 ga Disamba

Waya daga Argungu bayan isha'i. Abokin homata. Ya ce maganar ta yi ƙarfi a gari, a wannan karon za a yi bikin kamun kifi. Rabon da a yi bikin tun 2009, kullum sai a ce baɗi. Na ce Allah ya nuna mana. Ya ce, "Homarka tana nan?" Na ce tana nan.

Barci ya ƙi. Farin wata tar a tsakar gida.

Juma'a, 13 ga Disamba

Daren jiya a Matan Fada, ruwan bikin Argungu, tunanina ya kwana. Sahu a kan tudu nesa da ruwa, dubban mutane, kowa homa a hannu, gora a kafaɗa. Ba mai dogon zance. Sarkin Ruwa ya riga ya shiga da jirginsa ya gama abin da ya gada, kada ya kauce. Sai bindiga. Gudu, ƙura, wani ya faɗi a taka shi ya miƙe ya ci gaba. Ruwan da ya shekara ba a jefa masa ko ƙugiya ba, kafin ka ƙifta ido ya koma kamar kunun kanwa. Makaɗa a jirage, ana girgiza goruna masu tsakuwa don kifi ya ruɗe ya nufo gefe. Ka kwanta a kan gora, ka nutsa, ka buɗe homa cikin duhu ka haɗa. Ido ba shi da aiki a can, sai hannu da ƙafa. Awa ɗaya. Wanda giwar ruwa ta faɗa homarsa sai kokawa, a zura mata igiya, a ja ta zuwa sikeli gaban sarakuna da gwamnoni.

Ban taɓa karɓar kyauta ba. Amma giwa ta taɓa gogar cinyata ta wuce, har yau in na tuna tsikar jikina na tashi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Watari. Wani tsoho mai jirgin fito, wanda ke ƙetarar da mutane tsakanin Bagwai da Badau, ya daɗe yana kallona. Da fasinja suka yanke ya zo ya tsuguna.

"Malam, sammakon nan na mene ne?"

Na ce, "Baba, ai masunci da asuba aka san shi."

Ya ce wannan zancen damina ne da bazara. Da hunturu ruwa ya yi sanyi, karfasa ta sauka ƙasa ta rufe baki, ba ta cin komai sai rana ta gasa bakin gaɓa. Tarwaɗa kuwa sai almuru. Tsakanin asuba da hantsi mura kawai ake kamawa. Ya nuna min wani wuri da bakin sandar tuƙinsa, daura da wani busasshen kututture: nan tsohuwar hanyar kogin take kafin a datse ruwan, wajen 1980. Ya ce gonar mahaifinsa na ƙarƙashin ruwan nan, ya san inda kwari yake da inda tudu yake. In na ƙara wa zare tsawo kamu biyu, in jefa can.

Na ƙara. Kurungu, mai ƙaya, yana gurnani a hannu. Na ba shi, ya ƙi karɓa.

Laraba, 18 ga Disamba

Faso a dugadugai. Man kaɗe da dare, safa a kai. 

Lahadi, 22 ga Disamba

Na bar gida bayan hantsi kamar yadda Baba ya ce. Iska daga gabas, ruwa na ta ƙananan igiyoyi, silifas na rawa ba ka gane taɓi daga kaɗawar iska. Ko ɗaya.

Zalɓe a tsallake ya kama nasa.

Litinin, 23 ga Disamba

Na tashi da haushi, ban san na mene ne ba. Yaron shago ya sha faɗa a kan igiyar ɗinkin buhu. Da la'asar na saya masa tsire.

Alhamis, 26 ga Disamba

Babban ɗana ya nuna min a waya yadda Turawan Ingila ke gasar kamun kifi. Ƙuri'a ake yi, kowa ya ciri lamba ya je ya zauna a gurbinsa a bakin ruwa, a kan akwati, da doguwar sanda. Awa biyar ba mai tashi. Abin da aka kama ana tara shi da rai a cikin wata doguwar raga a ruwa. In an busa, a auna, a rubuta, a mayar da kifin duka cikin ruwa. Na sa ya maimaita min wajen mayarwar. Su ma dai sikeli ne ke raba gardama. Amma zamansu irin nawa ne na Watari. Na daɗe ina tunanin mutumin da ya ciri lambar wurin da ba kifi, kuma ya san haka tun farkon zama.

Lahadi, 29 ga Disamba

Rana mai kyau. Iska ta kwanta wajen sha biyu. Na jefa dusa da aka jiƙa a gefen kacala, na bar wurin ya huta, na yi azahar a kan buhu. Da na dawo karfasa ta taru. Cin hunturu dabam yake: ba fizga, silifas ya ɗan karkata kawai, ya tsaya, ya ɗan nutsa rabi. In ka jira ya ɓace gaba ɗaya ta riga ta tofar. A wajen karkatar nan ake ɗagawa, da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba. Shekaru ina shiga ruwa da ƙarfi, ban san kifi na da irin wannan ladabin cin abinci ba.

Masu noman rani na ta tayar da injin ban-ruwa a bayana. Tumatir, albasa, alkama ta fara rufe ƙasa. Wani ya miƙo min rake.

Laraba, 1 ga Janairu, 2020

Ziyara wajen Inna. Ta ji labarin Argungu a rediyo. Ta ce, "Kai ma irin ubanka, in an ce ruwa sai kunne ya tashi." Muka yi ta hirar marigayi. Yadda ya baro ƙasar Kabi zamanin dalar gyaɗa ya zo Kano neman kuɗi, ya yi aure, ya zauna, amma duk shekara sai ya koma su. Shi ya fara kai ni, ina saurayi. A mota yakan ba ni labarin 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya je Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, aka shirya masa su don girmamawa, daga nan bikin ya samo asali. Yakan ce su ya girmi bikin nesa ba kusa ba, tun kaka da kakanni Kabawa ke gyaran ruwa da fashin ruwa kafin kowa ya jefa koma.

Inna ta ce kada in je. Ba ta faɗi dalili ba.

Asabar, 4 ga Janairu

Jaura. Ruwan alwala sai an ɗumama. Almajirai sun kewaye wutar kara a ƙofar gida, na fito musu da tsofaffin buhuna. Tari ya dawo.

Lahadi, 5 ga Janairu

Ban fita ba.

Talata, 7 ga Janairu

Asibiti. Awon jini, awon ƙirji. Likita yaro ne, mai ladabi. Ya ce, "Baba, sana'ar me ake yi?" Na ce awon riɗi. Ya ce ƙura ce, in riƙa rufe hanci. Na tambaye shi nutso. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce nutso a ina, a wannan shekarun, da wannan hawan jinin? Na ce tambaya ce kawai.

Ƙwayoyi kala uku. Maiɗakina ta karɓe su, ita ke ba ni.

Lahadi, 12 ga Janairu

Watari, da rigar sanyi biyu da rawani. Na zauna har almuru saboda tarwaɗa, da hanjin kaza da ya kwana. Babbar ƙugiya, zare mai kauri, daura da kututturen Baba. Rana ta faɗi ja cikin hazo, ana iya kallonta ido da ido. An kira magariba a Bagwai. Ina shirin naɗewa gwangwala ta lanƙwashe.

Ba irin jan da na sani ba. Nauyi ne kawai, yana tafiya ƙasa-ƙasa, a hankali. Na bi ta gefen gaɓa, na ba ta zare, na karɓa, na ba ta. Tsoron kada gwangwala ta karye. Ƙafa cikin taɓo har ƙauri. Da ta gaji ta juyo da farin cikinta sama, na sa hannu a bayan kai, nesa da ƙayar gefe. Tsawonta daga yatsuna zuwa kafaɗa.

Na yi magariba a makare, hannu na rawa. Tafiyar dare a hanyar Bichi, tana motsi a buhu a bayana har gida. Tarwaɗa na shaƙar iska, ba ta saurin mutuwa.

Litinin, 13 ga Janairu

Ɗan ƙanena ya zo ganin tarwaɗa tun da safe, tana cikin baho. Ya ce, "Baffa, mu kai ta shago mu ɗora a sikeli." Na ce a'a. Ya ce ko don a sani. Na ce a kai wa Inna kan, a ba maƙwabta tsakiya, sauran farfesu.

Yini guda ina gaban sikelin. Sau da yawa na ƙiyasta ta a raina, na kuma hana kaina.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan masallaci mutane na ta tambaya. Labari ya riga ni, tarwaɗar ta ƙara girma a bakin jama'a. Wani ya ce Argungu ce ke kirana.

Lahadi, 19 ga Janairu

Raina ya ɓaci yau. Samari a wani lungu na dam ɗin suna jan gidan sauro a madadin taru. Abin da suka juye a gaɓa: 'ya'yan karfasa da ba su kai farce biyu ba, tuli, rabinsu za a bar wa belbela. Na yi magana. Ɗaya ya ce, "Alhaji, kai nishaɗi ka zo yi, mu abinci muke nema." Ban da amsa a lokacin. Gaskiyarsa ce ta wani gefen. Amma abincin baɗi suke kwashewa. Baba mai jirgi ya ce akwai ma masu zuba maganin ƙwari da dare, da safe kifi ya taso fari fat, babba da ƙarami, a kai kasuwa mutane su ci.

Giwar Matan Fada ba tsafi ke girmar da ita ba. Hani ne. Shekara guda ba mai taɓa wurin, kowa ya san hukuncin wanda ya taɓa, kuma akwai mai ruwan da ake jin maganarsa. A nan ma akwai sarakunan ruwa da ƙungiyar masunta. Da za a ware lungu ɗaya kawai a ce ba kalli, ba taru, ba birgi daga kaka zuwa bazara, da an ga bambanci. Zan yi wa Baba maganar ya kai gaba, shi ake saurare.

Ban kama komai ba, ban ma sa ido sosai ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Masu yin tubali a kududdufin bayan gari sun tono gaiwa. Ƙasa busasshiya ƙaƙas, ita kuwa tana naɗe a cikin kwanson majinarta, da ranta, tana jiran damina. Yara sun taru. Ƙaramin ɗana bai taɓa gani ba, ya ƙi yarda kifi ce sai da aka sa ta a ruwa ta warware.

Lahadi, 26 ga Janairu

Canjin wuri: dam ɗin Tomas, wajen Dambatta, tare da maƙwabcina malamin firamare. Bai taɓa riƙe fatsa ba. Surutu, tashi, zama, ɗaga ƙugiya a duba ko tana na nan. Kifi na ganinka mai jar koma. Da azahar ya nutsu, ya kama karfasarsa ta farko, ya yi kabbara har masu wanki suka juyo. A hanyar dawowa ya ce rabonsa da ya zauna awa uku bai taɓa waya ba ya manta.

Ruwan Tomas ban san shi ba. Ba wanda zai nuna min inda kwarinsa yake. Watari ta fi min.

Alhamis, 30 ga Janairu

Waya. An sa rana: 11 zuwa 14 ga Maris, karo na 60. Abokina sai murna, ana gyaran hanya, ana fenti, masu saƙa homa ba sa barci. Ya ce, "Mi kaka jira? Taho, ko kallo na ka yi." Na ce kallo ya fi shiga ciwo.

A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya, lokacin ko yin sa ba a yi. Yaran da aka haifa bayan na ƙarshe sun kusa gama firamare ba su taɓa jin bindigar nan ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na sauko da homa daga saman rumbu. Ɓera ya ci gefe ɗaya, itacen lafiya lau. Gora ba ta tsage ba. Na zauna a zaure ina ɗinki har la'asar. Maiɗakina ta wuce sau da yawa ba ta ce komai ba. Da dare ta ce, "Malam, hanyar Zamfara fa?" Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, Sakkwato, sannan Argungu. Da can mukan bi ta da dare muna barci a mota. Yanzu direbobin da ke kawo mana kaya daga can ba mai yarda magariba ta same shi a daji.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na tafi da gora Watari, a ɗaure a bayan babur. Da rana ta take na tuɓe na shiga. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Sanyi ya kama ni a haƙarƙari kamar an ɗaure. Na kwanta a kan gora, jiki bai manta ba, ƙafa na tuƙi da kanta. Na nutsa. Na taso da wuri, da wuri ƙwarai, ina tari, kunne na ƙara.

Baba na tsaye a jirginsa, ya matso ba tare da na kira shi ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Malam, fito ka sha rana."

Na zauna a gaɓa cikin bargo. Fatsa ma ban warware ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Zazzaɓi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Sauƙi. Kunun tsamiya, farfesun kaza. An zo gaisuwa daga kasuwa. Na ce mura ce.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Komawa ruwa. Hazo ya ragu, mangwaro ya yi fure. Ruwa ya ja baya saboda ban-ruwa, kututturen Baba ya fito har gindi. Karfasa ta fara ci tun hantsi, kuma cin ya canza, akwai ɗan fizga. Kirinjijiya garke guda sun sauka a tsallake.

Na lura da abin da ban lura da shi ba a da: ba na ƙirga lokaci a nan. A Matan Fada tun daga bindiga ana cinye maka awarka, kowane nutso da ya fito wayam asara ne, na kusa da kai abokin hamayya ne ko da ɗan uwanka ne. Na so hakan, har yanzu ina son sa. Amma ruwan da na shiga shekara da shekaru ban san komai nasa ba sai ɗanɗanon taɓonsa. Watari kuwa cikin hunturu ɗaya na san inda rana ke fara gasawa, na san iskar da ke rufe wa kifi baki.

Talata, 18 ga Fabrairu

Duk da haka na tambayi kuɗin motar Sakkwato.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Ɗan ƙanena ya biyo ni. Shekara ashirin da 'yan kai, ƙirji faffaɗa, tun yana yaro yake iyo a kududdufi ana dukansa. Ya ga gora a zaure tun kwanaki, yau ya fito da maganar. "Baffa, in ba za ka ba, ni ka ba ni." Na ce homa ba a koyonta rana ɗaya. Ya ce akwai sati biyu da 'yan kwanaki.

Ban amsa ba. Na ba shi gwangwala ɗaya. Bai iya zama ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Rediyo: cutar nan ta ƙasar Sin ta shigo Legas, wani ɗan Italiya. A kasuwa ba zancen da ake sai na riɗi, tunda Sin na cikin manyan masu sayensa. Masu kaya a sito sun yi jugum. Wasu na cewa za a fasa taron Argungu, wasu na cewa ba abin da zai hana.

Na kama kaina ina fatan a fasa. Astagfirullah.

Lahadi, 1 ga Maris

Na kai ɗan ƙanena Watari da homa da gora. Ni a gaɓa, shi a ruwa. Yadda ake kwanciya a kan gora ba ta kuɓuce ba. Yadda ake buɗe homa ƙasa-ƙasa a share taɓo, don giwa in ta ji hayaniya ƙasa take bi. Kada ya yi gudun farko da dukkan ƙarfinsa, ya isa ruwa ba numfashi. Kada ya shiga tsakiyar cunkoso. In ya ji abu mai nauyi ya rungume da ƙafafu ya kira na kusa, a raba kyauta ya fi a rasa kifi. Muryata ta dushe.

Hannunsa na da kyau. Ya fi ni tsawon numfashi ko a lokacin da nake ganiyata.

Baba ya ce ya kai maganar lungun hani wajen shugabannin masunta. Sun ce za a zauna.

Alhamis, 5 ga Maris

Ƙanena ya yarda, Inna ta yi shiru. Na kira Argungu na ce ga ɗana nan zuwa, a riƙe min shi amana. Abokina ya ce, "Kai hwa?" Na ce ina nan.

Litinin, 9 ga Maris

An sauke Sarki Sanusi. Kafin magariba an ce Aminu Ado Bayero, Sarkinmu na Bichi, shi ne sabon Sarkin Kano. Kasuwa ta watse da wuri, kowa kunne a rediyo. Ɗan ƙanena zai tashi gobe da asuba in gari lafiya.

Talata, 10 ga Maris

Na raka shi tasha. Homa a naɗe cikin buhu, gora a saman mota, na ɗaure ta da hannuna. Na ce wa direba kada ya yi dare. Waya daga Gusau da azahar, daga Sakkwato da magariba. Alhamdu lillahi.

Zauren ya yi faɗi.

Alhamis, 12 ga Maris

Ya kira. Shugaba Buhari ya zo buɗe taro, gari ba masaka tsinke. An kai yaron gidan tarihi na Kanta, ya ga Matan Fada daga nesa, ya ce bai zaci ƙanƙantarsa ta kai haka ba, ina mutane za su shiga? Na ce za su shiga. Ya ce zai kalli kabanci, tseren jirage da kamun agwagwa da su da hannu. Na ce ya ci abinci da wuri ranar Juma'a ya kwanta.

Asabar, 14 ga Maris

Ban iya zaman shago ba. Na bar wa yaro, na tafi Watari ranar da ba tawa ba. Zafi ya fara, ba rigar sanyi. Waya a aljihun gaba, ƙaramar rediyo a kan buhu. Na jefa. Silifas ya karkata ban gani ba, sai da gwangwala ta motsa.

Hantsi. Yanzu suna sahu.

Ban san lokacin da aka harba ba, amma ƙirjina na ta bugawa.

Azahar, shiru. Na kira, ba ta shiga. Na sake. Mutum dubbai a ruwa ɗaya, ana taka juna. Na tuna shirun Inna. Na yi salla, na daɗe a zaune.

La'asar ta gota sannan ya kira da lambar wani, murya a dushe, yana dariya yana haki. Lafiya lau. Ƙafa ta ɗan yanke. Ya kama wani abu matsakaici, bai kai na sikeli ba, sun gasa. Ya ce, "Baffa, wani abu ya buge ni a ciki ya wuce, wallahi kamar ɗan maraƙi." Na ce na sani.

Na fashe da kuka a bakin ruwa. Baba na tsallake da fasinja.

Lahadi, 15 ga Maris

An faɗa a rediyo: Abubakar Ya'u daga Augie, kilo 78. Naira miliyan 10, motoci biyu, kujerun Makka biyu. Kilo 78 ya kusa buhun riɗi. Allah ya sanya alheri.

Litinin, 16 ga Maris

Ɗan ƙanena ya iso da la'asar. Ya kawo homa zai mayar saman rumbu, na ce ya tafi da ita gidansu, tasa ce. Gora ma.

Baba ya aiko ta bakin wani mai kawo albasa: karfasa ta fara haƙa gurbi a bakin gaɓa, in zo da ƙananan ƙugiyoyi, kuma yanzu a koma sammako. Zaman shugabannin masunta ranar Lahadi ne bayan azahar a Bagwai, ya ce in zo in faɗa musu yadda ake hani a Matan Fada. Zan je.